Ranar da Bamalli Ya Kai Ragon Suna Coci

Lami maƙwabciyata ce ta fara ba ni labarin nan, wata Lahadi da la'asar, tana tsaye a tsakar gidana da kayan cocinta, dariya ta hana ta zama. Abin da ba ta gani da idonta ba, Lado mai shayi ya cike mini daga baya, don shi tun farko yana biye. Sauran kuwa na san surukina, ba sai an gaya mini abin da ke cikin kansa ba.

A shekarun nan ne da aka ce za a kawo babban birnin ƙasa kusa da mu, garin nan bai ma bar sunan Abuja ya koma Suleja ba. Baƙi suka cika gari, masu awon ƙasa da dogayen sanduna, kowa a unguwa yana neman yadda zai raɓe su ya samu aiki.

Bamalli mijin 'yata Sakinatu ne. Ba shi da mugunta ko kaɗan, cika baki ne ciwonsa. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Ikko, a bayan motar shanu, ya kwana a tasha ya juyo a motar goro. Tun daga ranar babu abin da bai sani ba. In ana hirar jirgin ruwa, ya shiga. In ana hirar likita, ya taɓa riƙe wa wani almakashi.

To, Sakinatu ta haihu, ɗan fari, namiji, tana wanka a gidana, suna ran Litinin. Ta wajen rago Bamalli ya yi abin kirki. Tun cikin yana ƙarami ya sayi ɗan rago ya ba wani abokinsa kiwo a gindin dutsen Zuma, ya girma ya zama fari ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho. Dukiyarsa ke nan gaba ɗaya. In ragon nan ya salwanta babu na biyu, yaro zai ci suna ba yanka, a gidan surukai, a gaban dangi.

Ran Lahadi da hantsi ya taho da ragon daga Zuma. Ya sa babbar rigarsa, ya sa sabon takalmi sau-ciki da ya saya don ranar suna, wai yana so ya saba da ƙafarsa. Maimakon ya wuce gidana ya ɗaure rago, sai ya ratse teburin Lado don a gani a yaba.

A teburin akwai wani baƙo, Akinola, safiyo ne cikin masu awon ƙasa. Bayerabe ne amma haifaffen Sabon Garin Zariya, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Duk gari an san yana neman masinja wanda ya san lungu-lungu. Yana rataye da kyamara, yana gaya wa Lado cewa shi duk garin da ya sauka sai ya nemi tsofaffin coci-coci ya gani ya ɗauki hoto, ko akwai wanda zai zaga da shi?

Lado ya buɗe baki zai ce a kira Lami, Bamalli ya riga shi.

"Oga, ka faɗo hannun mai abin. Coci-cocin Ikko babu wanda ban shiga ba. Akwai wanda in ka yi tari a ƙofa, sai ka je ka ci abinci ka dawo kafin tarin ya kai gaba."

Lado ya ce, "Kai da ka kwana a tasha?"

"Tashar a jikin coci take."

"To kai ragon gidan surukarka Iya Mairama tukuna. Gobe ne fa sunan."

"Kafin in je in dawo wani ya ɗauke mini Oga. Ragon nan ya fi ka hankali, Lado, zai bi ni kamar yaro. Ara mini laimarka, jagora ba ya tafiya ba laima."

Lado ya ara masa, ya kife kofunansa ya rufe tebur, ya ce shayin yau ya ƙare, wannan kallon ba ya wuce shi.

Gaskiyar magana Bamalli bai taɓa sa ƙafa a coci ba. Ya dai san akwai ɗaya can wajen unguwar baƙi, amma ko hanyarsa bai riƙe ba. Yana tafe yana jan rago yana tunani, sai ya tuna ɗakin shan magani yana da jan gicciye a ƙofa, kuma yau Lahadi a rufe yake. Ya miƙe da su can.

Ya tsaya ya nuna ƙofar da laima. "Ga uwar coci-cocin ƙasar nan. Dubi alamar. Dubi bencina a jere. Ka ji wannan ƙamshin? Turaren da suke ƙonawa ke nan."

Lado ya shinshina. "Ni dai warin maganin gyambo nake ji."

Akinola ya dubi gicciyen, ya dubi Bamalli, ya ɗan taɓe baki kamar mai haɗiye wani abu. Ya ce, "Ikon Allah. Wa ke wa'azi a nan?"

Kafin Bamalli ya ƙirƙiro suna, wata tsohuwa da ke kishingiɗe a inuwar baranda da ɗaurarriyar ƙafa ta ɗago kai.

"Bamalli ne? Ɗan nan, yau mai allurar ba ya zuwa. Marurun naka ya fashe kuwa? Rannan har bakin titi muna jin kukanka."

Bamalli ya ja rago ya yi gaba. Ya ce wa Akinola, "Da can coci ne. Gwamnati ta ara."

Akinola ya ce, "Na gane." Ya gane ɗin kuwa, amma mutum ne mai son nishaɗi, ya ce a je na gaba.

Na gaba tsohon siton auduga ne, dogon gini mai rufin kwano da 'yan tagogi can sama, an daɗe da barinsa. Bamalli ya ce wannan shi ne babban cocin da manyansu ke zama, irin na Ikko sak, Turawa suka gina shi da duwatsun da aka sauko da su daga kan Zuma.

Lado ya ce, "Da tubalin laka dai."

"Lakar daga waje aka shafa, don ɓarayi."

Akinola ya tambaya ko ana iya ganin ciki. Bamalli ya ɗaura igiyar rago a wuyan hannunsa, ya ja baya, ya bangaji ƙofar da kafaɗa. Ƙofa ta buɗe, gidan rina da ke manne a samanta ya faɗo masa a hula. Rina suka tashi. Ragon ya ji harbi a hanci ya zabura, ya ja Bamalli ta cikin ƙaiƙayi da tsohuwar auduga, suka fita ta wata ɓarakar bango, suka zago ta baya. Akinola da Lado suna can nesa bayan wata bishiya. Da Bamalli ya iso, idonsa na hagu ya rufe ruf, leɓensa ya yi suntum, rigar ta yi fari-fari da auduga.

Akinola ya ɗaga kyamara ya ɗauka. Ya ce, "Malam Bamalli, masu ibadar nan ba sa son baƙi."

Bamalli ya ce, "Ba su shaida ni ba ne. Na daɗe ban zo ba."

Suna nan sai suka jiyo ƙararrawa daga gabas, da kiɗa da waƙar mata. Akinola ya karkata kunne ya ce ga coci can yana kira. Bamalli ya gyara hula ya ce shi ne dama ya ajiye masa na ƙarshe, mai daɗin ake bari a baya. Suka bi sautin, Bamalli a gaba yana yi kamar shi ke nuna hanya.

Wannan kam coci ne na gaske, kuma tsoho. Bangonsa na ƙasa ne mai kauri an shafe shi da farar ƙasa, kwanon rufin ya yi ja don daɗewa. A jikin mangwaron da ke ƙofa an rataye tsohon ƙarfen tayar babbar mota, shi ake bugawa. Bamalli ya shafa ƙarfen ya ce daga Ingila aka kawo shi a jirgin ruwa, shi ma ya ga ɗan'uwansa a Ikko.

Lado ya ce, "Na ga ɗan'uwansa a garejin bakin kasuwa."

Ranar kuwa ranar godiyar kaka ce a wurinsu. Lami ta sha gaya mini: sau ɗaya a shekara kowa yakan kawo abin da Allah ya hore masa, ya shiga da shi da rawa ya ajiye a gaba, ya zama ya bayar ke nan. In an tashi sai a fito da kayan gindin mangwaro a yi gwanjonsu, abin da aka samu a yi wa coci aiki. Kowane yaro a unguwar ya san haka. Bamalli ne kaɗai bai sani ba.

Ya ga mutane suna shiga da doya a ka, da ayaba, da kaji, da kwandon ƙwai, wani har da akuya. Ya leƙa da idonsa mai gani ya ga ana jere su can gaba. Nan take ya haɗa lissafinsa.

Ya ce, "Lado, buɗe kunnenka ka ƙaru. Mu a masallaci bakin ƙofa muke barin kayanmu, shi ya sa ake sace mana takalma. Su kuwa a gaba suke ajiya, inda idon kowa yake. In an tashi kowa ya ɗauki nasa. Wayewa ke nan."

Akinola ya daina murmushi. Ya ce, "Malam Bamalli, ka san abin da ake yi da kayan da aka kai gaba kuwa?"

"Ni za ka tambaya, Oga? Kowace shekara sai na kai."

"Ragon nan fa?"

"Har wanda ya fi shi na kai."

Akinola ya ɗaga kafaɗa. Mutum ya ce kowace shekara yana kaiwa, me za ka ce masa?

A bakin ƙofa Bamalli ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya bar hula a ka. Mai kula da cocin, wani dattijo Ignatius, ya tare shi da fara'a ya ce, "Maraba, Malam. Amma a nan takalmi ake bari a ƙafa, hula ake cirewa."

"Na sani, gwada ka nake."

Ya fizge hula. Ya manta a cikinta ya ɓoye 'yan goron da zai kai wa liman na gayyata. Goro ya zubo ya gangara tsakanin bencina. Mata suka tsince suka zuba a tiren gaba, suna sa masa albarka.

Kiɗa ya ɗauka. Bamalli ya ga kowa da rawa yake tafiya, shi kuma ba zai yarda a ce baƙo ne ba. Ya ɗaga laima sama, takalmi a hammata, ido ɗaya a kumbure, ya shiga taka rawa yana jan rago. Jama'a suka ga Musulmi maƙwabci ya kawo rago mafi girma a ranar, sai guɗa ta tashi. Lami ta ce ita tana cikin masu waƙa, da ta gane ragon waye sai ta bar waƙar. Ta yi ta yi masa alama da hannu ya koma. Shi kuwa ya ɗaga mata laima, wai gaisuwa.

Ya ɗaure rago kusa da akuyar, ya jera takalmi a kan doya, ya jingina laimar Lado. Fada, limamin cocin, ya ɗaga hannu ya yi addu'a a kan kayan duka. Bamalli ya dawo ya zauna kusa da Akinola ya raɗa masa, "Ka gani? Har addu'ar tsari ake yi musu."

Aka tashi, aka kwaso kaya zuwa gindin mangwaro. Ignatius ya hau benci da 'yar ƙararrawa a hannu. Ya ɗaga doya, mutane suka yi ta ɗaga hannu suna taya, ya kaɗa ƙararrawa, wata mata ta ɗauka.

Lado ya ce, "Bamalli, wannan ba gwanjo ba ne?"

"Cigiya ce. Ana nuna wa kowa ya shaida nasa."

Ignatius ya ɗaga sau-ciki sabo fil. Bamalli ya yi gyaran murya zai tashi, sai ya ga Akinola yana kallonsa, ya koma ya zauna. Kafin ya gama shawara da zuciyarsa, ƙanen mijin Lami ya taya, ƙararrawa ta kaɗa, mutumin ya zura ƙafa ya ce kamar don shi aka yi.

Lado ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. "Ya shaida nasa."

Sai aka ɗaga laima.

Dariyar Lado ta tsaya cak. Ya miƙe ya ce, "Wannan tawa ce." Ya ɗaga hannu. Ignatius ya nuna shi ya ce mai shayi ya taya. Wata 'yar kasuwa ta ƙara, Lado ya sake ɗaga hannu yana rantsuwa, aka ce ya ƙara. Da ya gane duk ɗaga hannun da ya yi tsadar laimarsa yake ƙarawa, sai ya soke hannuwansa a hammata, yana kallo matar ta buɗe ta ta rufe ta tafi da ita.

Ya juyo ya ce, "Bamalli, in mun fita daga nan, ɗaya idon ma sai na rufe maka shi."

Bamalli bai ji shi ba, don an jawo rago. Maza suka matso suna taɓa gadon bayansa, wani mahauci yana ɗaga jelarsa. Ignatius ya ce ga kyautar maƙwabcinmu mai albarka, wa zai fara?

Nan Bamalli ya manta da Ikko, ya manta da aikin masinja. Ya yi tsalle ya cafki igiya. Ragon da ya sha rina da kiɗa tun safe ya ga abin ya ishe shi, ya sunkuyar da kai ya kwasa. Ya ja Bamalli ta kan tulin doya, kaji suka watse, akuya ta tsinke ta bi su. Suka zaga mangwaro, kan Bamalli ya daki ƙarfen Ingila ya yi ƙara, ya tafi da baya ya zauna daɓas a kwandon ƙwai. Samari suka tare rago. Abin da ya rage a hannunsa guntun igiya.

Ignatius ya sauko daga benci. "Malam, lafiya? Ba kai ka kawo shi da rawa ba? Kowa ya gani."

"Ajiya na ba ku."

"Ajiya? Ai ka ce wa baƙon nan kowace shekara kana kawowa."

Bamalli ya dubi Akinola, ya dubi jama'a, ƙwai yana bin ƙafarsa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ban taɓa shiga coci ba sai yau. Na Ikko ma daga kan mota na hango. Ragon sunan ɗana ne, gobe da safe. Ba ni da wani."

Lami ta ratso ta ce, "Gaskiya ne, jikan Iya Mairama ne, ni na kama mata ruwan wankan jego." Sai matan suka yi masa ca. Wata ta ce matarka na can tana shan ruwan zafi kai kana nan kana rawa da ragonta. Wata ta ce ko rawar ma bai iya ba.

Ignatius ya sosa kai. Ya ce abin da aka kai gaba aka yi masa addu'a ba ya fita sai ta gwanjo, haka suka tarar, shi ba zai karya ba. Amma ya dubi maza ya ce, "Wa zai taya ragon jariri?" Mahaucin ya mai da hannu aljihu. Kowa ya sunkuyar da kai. Akinola kaɗai ya ɗaga hannu, ya taya da daraja yadda coci ba zai yi asara ba, ƙararrawa ta kaɗa.

Bamalli ya taso da murna yana miƙa hannu. "Oga, Allah ya saka. Kawo in kai shi gida."

Akinola ya janye ragon. "Ragona ne, na ba jariri, ban ba ka ba. Yau wuri uku ka kai ni, biyu ba coci ba ne, na ukun ƙararrawa ce ta kawo mu. In na ba ka ragon nan, wa ya san gidan da za ka kai shi? A wurina zai kwana. Lami ta nuna mini ƙofa da safe."

"Maganar aikin fa?"

"Zan aiko maka da hotonka."

Haka ya ratsa gari ba takalmi, da guntun igiya a hannu, Lado na bayansa yana yi masa lissafin kakannin laima. Duk da haka, wanda ya tambaye shi ina rago, sai ya ce mutanen coci ne suka roƙe shi ya bar musu shi ya kwana, don girmamawa.

Da Lami ta gama ba ni labari na ce kada ta gaya wa Sakinatu sai ta ci abinci. Na aika aka tambayo mini liman ko ragon da ya shiga coci yana yankuwa. Ya aiko cewa rago bai san inda ya shiga ba, mai ragon ne ya kamata a duba.

Washegari da na idar da sallar asuba na kama kazata mai kwanci na nufi gidan su Lami. Na ba ƙanen mijinta kazar, ya ba ni takalmin, don ba zan bari uban jikana ya tsaya gaban mutane da ƙafa tsirara ba. Ina dawowa na tarar da Akinola a ƙofar gidana da rago, an wanke shi tas, bayansa matan coci da tulin doya, Ignatius da goron nan a ƙulle cikin ganye. Na karɓi igiyar da hannuna na naɗe ta a wuyan hannu.

Maza sun cika ƙofar gida, sai ga Bamalli ya ratso da ido a kumbure yana cewa a ba shi wuri, shi ya san yadda ake riƙe ragon nan. Tun da ya auri 'yata ban taɓa yi masa magana ido da ido ba, saboda kunya. Ranar na yi. Na ƙara naɗe igiyar, na miƙa masa takalminsa.

Na ce, "Ungo. A gidan nan bakin ƙofa ake ajiye su."

Ban saki ragon ba sai da liman ya zaro wuƙa.